Ummi da Littafin Akuya

Ƙofar Gayan, Zariya
Farkon hutun damina

Zuwa ga 'yata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, da aikin asibiti. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa yana sauka yadda ake so, katangar bayan gida ce kawai ta ɗan zube, mun tokare ta. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce man ƙafar nan ya yi mata amfani.

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. To, wanda bai riƙe biro ba sai da furfura ta fito masa, ba ya barin biro ya huta. Shehu direba zai miƙo miki wannan in ya shigo Kaduna.

Jikata Ummi ta iso lafiya. Da ta shigo zaure na ajiye rigar da nake wa aiki, na ce yau uwata ta dawo gidanta, a share mata ɗaki. Ta yi murmushi ta ɓoye fuska. Yarinyar da bara take ce mini tsoho mai haƙorin goro, yanzu sai ɗaga kai da girgiza kai. A nan na gane nauyin abin da kika gaya mini: in'inarta ta ƙaru tun da 'yan aji suka yi mata dariya, ta daina karatu a bayyane, kuma shugabar makaranta ta ce in an koma hutu za a ba ta shafi ta karanta, in ta kasa ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta. Ban ga laifin shugabar ba, aikinta take yi. Amma ina ganin yarinyar nan da littafi a lungu, idonta yana gudu a kan layi. Karatun yana nan a ciki, ƙofar fita ce ta cije.

Na duba littattafan da kika zuba mata a jaka, kuma tunda ba ki tambaye ni ba, ga ra'ayina. Na Turancin nan mai yara suna wasa da ƙanƙara, takardarsa kyakkyawa ce, amma na duba hotunan kaf ban ga abin da zan iya saya a kasuwar Zariya ba. Na Hausar, mai labarin akuyar da ta tsinke igiya ta tafi ganin birni, shi ne littafi. Wanda ya rubuta shi ya taɓa kiwo, don ya san akuya ba ta wuce shanyar gari ba ta tsoma baki ba. Mai zanen ne ban yarda da shi ba. Ya yi wa akuya wutsiyar tunkiya, tana reto ƙasa. A ina aka taɓa gani?

Da yamma tana zama wajen Hajiya suna kallon fim. Ni kin san matsayina. Mutum biyu suna da magana, maimakon su zauna su yi ta, sai ka gan su a cikin lambu suna rawa, kafin waƙa ta ƙare sun sauya kaya ya fi a ƙirga. Telansu nake tausaya wa. Hajiya ta ce in ba na so in koma zaure, ga shi kuma kullum ni ne mai tambayar yadda aka ƙare.

Kada ki yawaita tambayarta karatu a waya. Ki bar mana ita.

Ki gaida maigidan naki. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Inuwa

Ƙofar Gayan, Zariya

Zuwa ga 'yata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. In kin ga rubutun ya karkace, murna ce, ba tsufa ba.

Kin san yadda nake karatun boko. Da na shiga ajin yamma na manya, na riga na ba hamsin baya, kuma ban san wani karatu ba sai na allo. Saboda haka ko takardar magani aka ba ni, sai na tanƙwashe ƙafa, in ɗora yatsa, in riƙa rangaji ina jan murya. Malaminmu ya yi ya yi in daina har ya haƙura. Ke ma kina ƙarama kin sha ɓuya bayan ƙofa kina dariya.

To, ran Talata da hantsi ina tsakar gida, na ɗauki littafin akuyar nan ina karantawa da muryar tawa, don kaina, wallahi ba da wata dabara ba. Ina so ne in ga ko mahauta za su kama ta. Ban ankara ba sai ga Ummi ta ɗauko hulata ta kifa a kanta, ta zauna gabana ta tanƙwashe ƙafa, ta turo baki kamar mai goro a kunci. Ta fizge littafin ta fara kwaikwayona. Tana rangaji, tana jan murya, har da gyaran maƙogwaron da nake yi a ƙarshen layi. Ni kuwa na biye mata, na ce Hajiya zo ki ga uwata tana ci mini mutunci a gidana.

Hajiya tana tankaɗe a bakin madafa. Sai na ga ta ajiye rariya, ta ɗora yatsa a leɓe tana hararata. A nan na farga. Zuwaira, yarinyar nan ta cinye shafi guda ta shiga na biyu, harshenta bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Ita kanta ba ta lura ba, tsokana ce a gabanta. Sai da ta kai inda akuya ta shiga motar kasuwa ta tsaya, ta dube mu, ta dubi littafin. Ta cire hular a hankali ta ajiye. Na ce wa ya ce ki tsaya, ai ban ji ƙarshen rashin kunyar ba. Ta ci gaba.

Tun ranar kullum muna yi. Na Turancin ma ta gwada shi da wannan murya, ya tafi sumul. Ni ba na jin abin da yake cewa, amma yaran ƙanƙarar nan sun fi daɗin ji da muryar Zazzau. In ta koma maganar yau da kullum in'inar tana nan, sai dai yanzu tana yin maganar.

Hajiya ta ɗan damu, wai ko ya dace a ɗora muryar allo a kan labarin akuya. Na tambayi limamin unguwa bayan la'asar. Ya yi dariya ya ce ai abin da nake yi ko a allo ba ƙira'a ba ce, jan murya ne irin na tsofaffi, in je in ci gaba. Ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba.

Yanzu ga shawarar da na yanke. A gidan nan ba a taɓa kai ƙarshen littafi an tashi haka nan ba. Ran Juma'a za ta sauke littafin akuya. Na sa a kama zakara, Hajiya za ta yi waina, na gaya wa abokan zamana na zaure, har da Alhaji Zailani daga Tukur-Tukur, wanda muka yi ajin yamma tare. Su zo su ji jikar Inuwa.

Ki taya ni murna. Gaisuwa ga maigidanki.

Mahaifinki,
Inuwa

Ƙofar Gayan, Zariya

Zuwa ga 'yata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya ruwa. Na ji saƙonki ta bakin Shehu cewa in bi a hankali da maganar walima. Saƙon ya iso ran Asabar, an riga an ci zakara.

Abin bai yi kyau ba. Zaure ya cika, dattawa sun jeru da manyan riguna, kowa ya zuba mata ido. Aka shimfiɗa mata buzu a tsakiya. Ta buɗe littafi, ta buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Ta yi ta fama da shi. Babu wanda ya yi dariya, mutanen kirki ne, amma sai suka shiga taya ta, wannan ya faɗi kalmar, wancan ya ce yi a hankali 'yata. Alhaji Zailani har da tofa mata addu'a. Ta ajiye littafin ta shige cikin gida. Muka ci waina shiru kamar gidan gaisuwa.

Ni na ɗauka abin da ya yi mini daɗi ranar da aka ba ni takardar shaida a gaban jama'a, ita ma zai yi mata. Na manta ni da ƙafata na kai kaina.

Kwanaki ba ta taɓa littafi ba, ni ma ba ta kula ni. Ko da na ce fim ɗin da suke kallo shirme ne, don dai ta tanka, ba ta ɗago ba. 

Hajiya ce ta gyara. Ran Laraba ta zaunar da Ummi tsakanin ƙafafunta za ta yi mata kitso. Ina ɗaki ina ji. Tana tsaga gashi tana mita, wai ita an cuce ta, an sa mata akuya a rai an bar ta a hanya, ita ba karatu ta iya ba, tsohon nan kuma in ya karanta mata barci take ji. Wai ko Tayyiba maƙwabciyarmu da take karanta mata littattafan soyayya ba ta taɓa yi mata irin wannan wulaƙanci ba. A nan zan ce, littattafan Tayyibar nan, kowa a ciki mai kuɗi ne, a yi shafi uku ana kwatanta mota, ba ka taɓa ganin wanda ya tashi da safe ya tafi aiki. Amma ranar na yi musu godiya.

Can sai na ji an jawo littafi. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sannan ta miƙe. Ummi tana kallon katanga, Hajiya tana bayanta, babu idon kowa a fuskarta. Hajiya tana cewa tsaya da rangajin nan kar ki ɓata mini layi, ita kuma tana yi. Ashe akuyar ba a kama ta ba, da ƙafarta ta koma gida, ta tarar an ba tunkiya dusarta. Hajiya ta ce maganinta ke nan. Ni ina ɗaki na toshe baki da hannun riga, ban fito ba sai da aka gama kitso.

Tun daga nan tana karanta wa Hajiya kullum, jiya har Tayyiba ta shigo ta zauna a gefe, Ummi ba ta tsaya ba. Ni ma an yafe mini, da sharaɗin in riƙa kallon ɗinkina in tana karatu.

Ga roƙona. Ki je wajen shugabar makarantar da kanki kafin ranar gwajin. Kada ki nemi a sauƙaƙa mata shafi, ba ta bukata. Ki roƙa a bar ta ta ja murya yadda ta saba, ta yi rangajinta, kuma in kalma ta maƙale kada a taya ta, a jira. Shehu zai kawo ta ran Lahadi, da ƙullin kuka da daddawa.

Allah ya ba da sa'a. Ki gaida mutan gidan.

Mahaifinki,
Inuwa

Ƙofar Gayan, Zariya

Zuwa ga 'yata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Ina fata kun kwana lafiya. Jiya da kika kira ban iya ce miki komai ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Ki kai wa shugabar nan gaisuwata. Da kika ce ta juya kujerarta ta fuskanci taga har yarinyar ta gama, na ce wannan mace ta san aikinta. Kin ce ta sarƙe a wuri biyu, ta tsaya, ta sake ɗauka. To ai shi ke nan. Ta wuce aji tare da ƙawayenta. Na faɗa a masallaci, na faɗa a zaure, na tare mai kayan miya a hanyar Gyallesu na faɗa masa, shi bai ma san ina da jika ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne bayan kin miƙa mata wayar. Na ɗauka godiya za ta yi. Ina! Wai an ba su sabon littafi, na wata yarinya da ta tsinci ɗan shaho ta raine shi, a ƙarshe ta sake shi ya tafi. Ta ba ni labarin, na ce marubucin ya kyauta, abin daji na daji ne. Ta ce sam ban fahimta ba. Wai yarinyar ita ta sha wahalarsa, ita ta hana kanta nama ta ba shi, sannan marubuci yana zaune a inuwa ya sa ta sake shi don manya su ji daɗi. Wai da an tambayi yara, da ba haka za a ƙare ba. Ta ce kuma ni dama kullum bayan manya nake bi.

Duk wannan da muryarta ta magana ta faɗa, ba ta karatu ba. In'inar tana nan, wata kalmar sai ta daɗe tana bugun ƙofa kafin ta fito. Ba ta fasa ba, ni kuma ban taya ta ba. Na riƙe waya ina jira, ta ɗauko hujja ta ɗora a kan hujja har ta kai ni ƙasa. Na yi shekaru ina gardamar littafi da fim a zauren nan, ban taɓa sallamawa ba, ki tambayi Alhaji Zailani. Jiya na ce uwata, kin fi ni gaskiya. Ta ce ta sani.

Ki saya mini irin littafin ki ba Shehu. Ina so in karanta da kaina, ko zan samu abin da zan mayar mata.

Mahaifiyarki tana gaishe ku. Allah ya raya mana ita, ya yi muku albarka baki ɗaya.

Mahaifinki mai farin ciki,
Inuwa