Tagogin Baba Badaru

Asabar, 5 Maris 2005

Sarba ta sake tsayawa da hantsi. Ita ce babbar na'urar da ke ƙarƙashin teburina. Mu huɗu a buron nan, ofishin jigilar kaya, duk a kanta muke aiki, allunan gabanmu ba su da komai sai abin da ta aiko musu. In ta tsaya kowa ya tsaya. Walida mai lissafi ta yi ta faɗa da Larabci, Mahamadu mai takardun dowan, wato kwastan, ya tafi shan shayi abinsa. Si Abdulfatah, mai buron, ya leƙo ya ce, "Raliya, ke fa kika karanta abin nan a Damagaram." Ko wuta aka ɗauke a nan garin Tam, ni ake kallo.

Lahadi, 6 Maris

Na zauna na auna. Memuwar ɗinta mega 512 ce. Ita memuwar kamar faifai take, inda ake baza abin da ake aiki da shi yanzu, diski kuwa rumbu ne. Tsarin na'urar shi kaɗai yana cin kusan ɗari biyu, shirin motoci da kaya ɗari, kowane mutum hamsin. Ya kamata ta ishe mu ko da da ƙyar. Amma faifan cika yake yi, sai ta riƙa kai kaya rumbu tana ɗaukowa, shi ne ƙarar nan da muke ji. Wani yana cin fiye da rabonsa.

Talata, 8 Maris

Na kama shi. Baba Badaru ne, tsohonmu mai rubuta fitar motoci! Ya yi direban Agadas har idonsa ya gaza, sannan aka ba shi tebur. Allonsa taga kan taga, sun fi goma, shi kaɗai yana cin na mutum uku. Da yamma ma ba ya fita daga shirin, allon kawai yake kashewa.

Na ce, "Baba, in ka gama da dosiye ka rufe." Ya ce ai bai gama ba. Ashe kowace taga mota ce da ke hanya, da sunan direba da hotonsa, kuma ba ya rufe ta sai an kira daga Arlit ko Agadas an ce ta sauka. "Yaya zan rufe wa mutum ƙofa yana cikin rairayi, 'yata?" Wai tun zamanin takarda haka yake yi, dosiyen matafiyi a buɗe kan tebur, da dutse a kai. Da ƙyar na danne dariya.

Laraba, 9 Maris

Na yi masa bayani dalla-dalla cewa rufewa ba sharewa ba ce. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mini albarka. Bai rufe ko ɗaya ba.

Asabar, 12 Maris

Ƙanena Isufu ya tashi zuwa Arlit da lodin dabino da taliya, a motar buronmu. Karon farko ke nan da aka ba shi sitiyari shi kaɗai. Sai fankama yake da sabon rawani.

Litinin, 14 Maris

Si Abdulfatah ya ce ba zai aika Alje, babban birni, a sayo ƙarin memuwar saboda camfin tsoho ba. A cire allon Baba kawai, Mahamadu ya haɗa aikin biyu. Ya ce in rubuto masa abin da na'urar ke bukata kafin ƙarshen wata, abin da na faɗa shi zai yi.

In aka cire allon, Baba ba shi da aiki. Ɗaki guda gare shi a unguwar Gataa El Oued, a garinsu Tanut kuwa duk nasa sun rasu. Ni kuma in sarba ta ci gaba da tsayawa, ni za a ce ban iya ba. Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Laraba, 16 Maris

Walida ta matsa mini, aikinta ya taru. Da Baba ya fita azahar na rufe tagoginsa duka daga wurina. Sarba ta kama gudu, Walida har da tafi.

Ya dawo ya kalli allon. Ya zauna yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, yana kiran sunayen a hankali. Na ji ya ce Isufu. Na mance da shi a cikinsu.

Asabar, 19 Maris

Su Isufu sun wuce Assamaka, bakin iyaka, amma Arlit ba a gan su ba.

Lahadi, 20 Maris

Shiru har yanzu. Na san rufe taga ba ya kashe mota, ni na karanta abin nan. Duk da haka ni ce na rufe tagarsa. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan.

Baba ya ɗauko tagar Isufu ya sa ta gaba, ya ɗan juya allonsa wajen teburina. Sarba ta tsaya sau biyu. Walida ta buɗe baki, ta dube ni, ta koma kan lissafinta.

Talata, 22 Maris

Alhamdu lillahi! An kira daga Arlit. Mota ce ta lalace musu nesa da hanya, wata motar gishiri ta tsince su, ruwansu ya kusa ƙarewa. Na shiga bayan buro na yi kukana na wanke fuska. Da na fito Baba ya ja kujerarsa baya. "Zo ki rufe da hannunki, 'yata."

Asabar, 26 Maris

Na kai wa Si Abdulfatah amsa: giga ɗaya, ninkin wanda muke da shi, na mutum biyar, har da ɗan sarari. Ya ce, "Ku huɗu ne." Na ce na biyar ɗin masu hanya ne, kuma buron motoci ne wannan, kullum za a samu wani a hanya. Ya daɗe yana kallona, ya ce zai duba. Na san dubawarsa.

Shi ya sa na kwance tawa na'urar ta gida, na ciro baret ɗaya, wato sandar memuwar, daga cikin biyun da ke ciki, mega 256. Ta shiga sarba daidai. Tawa yanzu rarrafe take yi. Ban faɗa wa kowa ba, Baba ma cewa ya yi na'urar ta shiryu don kanta.

Litinin, 11 Afrilu

Isufu ya sake lodi, ya tashi da safe. Ba a ƙara maganar cire allo ba, baret ɗin Alje ma ba a ƙara maganarta ba.

Wajen tashi daga aiki Walida ta leƙa allona ta ce, "Raliya, kin bar taga a buɗe." Na ce mantuwa ce. Na ɗauki jakata, na kashe allon kawai. Mega goma sha biyar ne, akwai wuri.