Lissafin da na baro a Ingila

Litinin, 4 ga Maris, 1963
Rangadin makarantun Kebbe. Na duba rufi, na ƙirga bencina. Ni da na yi shekara shida a Ingila ina lissafin yadda ƙwayoyin cikin zarra ke karo da juna. A Kaduna cewa suka yi Arewa ma'aikata take buƙata, fiziks ya jira. Baba kuma ga shanyewar jiki. Sai na dawo.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Mujallar kimiyya ta iso. Hallam, abokin bincikena, ya buga aikinmu da sunansa shi kaɗai. Hanyar da ta warware matsalar ni na gano ta, ya sani. Can ƙasan shafi ya gode wa "A. Tambawel". Ko sunan garinmu bai iya rubutawa ba.

Laraba, 8 ga Mayu
Na yi wa Kawu Bube bayani. Ya ce, "Abin ga da aka sace maka, Abdulkarimu, ana ganinai da ido?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi aka sata?" Aka yi ta dariya a zaure. Har da ni, don kunya.

Asabar, 22 ga Yuni
Malamina na Ingila ya aiko: akwai gurbi a watan Oktoba, in zo mu ci gaba. Matata Safara'u ta ce, "Malam, tafi, ni nika kula da Baba." Na yi mata tsawa. Ba ta yi laifin komai ba.

Lahadi, 11 ga Agusta
Na zauna in maimaita lissafin tun daga farko. Na kai tsakiya na tsaya cik. Abin da a da nake yi ina shan shayi. Har la'asar ina kallon layi ɗaya. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 3 ga Satumba
Baba ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Yanzu babu abin da ya riƙe ni. Kowa haka yake faɗa. Safara'u har ta fito da kwat ɗina na sanyi ta shanya. Na ce mata hanyar Sakkwato ta lalace da ruwa, sai ta bushe tukuna.

Ta dube ni, ta dubi sama. Ruwa ya ɗauke tun makon jiya.

Ta naɗe kwat ɗin ta mayar cikin akwati. Ban hana ta ba.