Kwana Shida Baaba Bai Sha Ruwa Ba

Ngaundere, 4 ga Mayu, 1998

Zuwa ga iyalina Astajam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da jaririn kuna lafiya, ruwan jego kuma yana karɓar ki.

Na iso lafiya. An wanke wa Baaba ƙafar da bijimi ya take, an ɗinke. Likita ya ce ciwon ya fara ruɓa kafin a kawo shi, shi ya sa sati biyu ke nan ana yi masa allura mai ƙarfi safe da yamma. Ƙafar tana kyau sosai.

Na shimfiɗa tabarmata a gindin gadonsa kamar yadda kika ce. Idan na gaishe shi yakan amsa fuskarsa na kallon bango. Kin san mahaifinki, ba zai ci abinci gaban surukinsa ba, don haka nakan ajiye kunu in fita. Mutum uku a ɗakin suna fama da gudawa, nas tana ta faɗan a riƙa wanke hannu da sabulu. Baaba dai bai yi kukan komai ba.

Ki kwantar da hankalinki. Allah ya ƙara sauƙi.

Mijinki,
Hammadiko

Yawunde, 7 ga Mayu

Maigida,

Gaisuwa da ban girma. Takardarka ta zo a jirgin ƙasa na safe, na karanta har sau uku ina kuka ina dariya. Kai da ko shayi ba ka iya dafawa, yau kai ne mai jinya! Baaba bai haifi namiji ba, kullum abin yana ci mini rai, ga shi Allah ya ba shi kai. Da ba don jegon nan ba da ni ce a tabarmar.

Na roƙe ka kada ka matsa daga gefensa. Adda Dudu ta ce sai ta gama shuka za ta taso daga Tibati, kuma shukar Adda ba ta ƙarewa. Kai kaɗai na dogara da shi.

Ka gaishe mini da shi, ka ce jikansa kunnuwansa ya ɗebo duka.

Taka,
Astajam

Ngaundere, 12 ga Mayu

Asta,

Ina gaishe ki, amma ba doguwar gaisuwa a bakina yau.

Wace irin ƙwaƙwalwa ce da ke? Boko ne ya cinye miki hankali? Ki rasa wanda za ki dasa a gindin gadon Baaba sai mijinki?

Jiya na iso. Na tarar da leɓensa ya tsage, idanu sun faɗa, ciki ya kumbura tim. Na ɗaga bargo, Asta, ba zan rubuta abin da na gani ba. Na kori mijinki waje, na ce, "Baaba, tun yaushe?"

Ya ce, "Rage murya, Dudu."

"Na ce tun yaushe?"

"Kwana takwas. Kwana shida ke nan na bar shan ruwa, na ga in ba abin da ya shiga ba abin da zai fita."

"Ruwan da ake ba ka fa?"

"Ina jiƙa baki in zubar a fo."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? In ce wa mijin 'yata ya miƙo mini fo? Ke ma dai, Dudu."

Ashe sai mijinki ya tafi salla yake jan jiki ya gyara kansa da tsumma. Ya kuma sa matar mai gadon kusa ta kawo masa ƙwayar tsayar da zawo daga kasuwa, yana haɗiya bibbiyu.

Na je na tsaya a kan likita. Ya duba shi ya riƙe kai. Ya ce alluran ƙafar ne suka kashe ƙwayoyin kirki da ke cikin hanji, sai wata muguwar ƙwaya da ke yawo a ɗakin, daga fo zuwa hannu, ta samu wuri. Wai da an faɗa ranar farko, magani kawai za a canza. Ƙwayar kasuwar kuma ta kulle dafin a ciki. Yanzu an sa masa ƙarin ruwa hannu biyu, an ware shi a wani ɗaki.

Mijinki yana gindin mangwaro, ya ƙi tafiya ya ƙi shigowa. Ki yi addu'a. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Yayarki,
Dudu

Ngaundere, 15 ga Mayu

Astajam,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san saƙon Adda ya riga ni. An kai Baaba jiya bayan la'asar, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan iya shigowa gida da shi a cikina ba.

Na sani, Astajam. Tun kwana na biyu na ji wari, na ga yadda yake damƙe bargo. Na ce a raina, dattijo kamar wannan, in ya gane na gane, na kashe shi da ransa. Sai na riƙa daɗewa a masallaci don in ba shi wuri. Sau biyu na bi nas har bakin ƙofa, bakina ya ƙi buɗewa a kan cikin surukina. Na ɗauka zawo ne irin na kowa, zai wuce. Zancen ruwa wallahi ban sani ba, kofin kullum wayam nake samun sa. Har na rubuta miki cewa bai yi kukan komai ba, kuma gaskiya ne, bai yi ba.

Jiya da hantsi ina bayan labule na ji ya ce wa Adda, "Yaron nan bai ga komai ba ko?"

Ta ce, "Bai ga komai ba, Baaba."

Ya ce, "To alhamdulillahi. Yaron kirki ne."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Ba na neman ki ce komai. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Hammadiko

Yawunde, 18 ga Mayu

Maigida,

Wa alaikumus salam. Na karanta.

Kada Adda ta ji wannan magana, ko yanzu ko gaba. Ni na tura ka, wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma ko mai sharar ɗakin ka ja gefe ka raɗa wa, da yau ina da uba.

Ka zauna har sadakar bakwai, sannan ka dawo. Zan buɗe maka ƙofa, zan sa maka abinci. Magana ce ban san ranar da zan iya yi maka ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Astajam