Madubin Babur a Cikin Jakata

Anti Safiyatu, don Allah ki agaza mini, na shiga tsakanin mijina da yayana.

Tun wata Juma'a a lokacin sanyin nan ban koma yadda nake ba. Mijina, bari in kira shi Bashari, aikin lantarki yake yi can wajen filin jirgi, a kan babur yake zuwa daga unguwarmu Ulaisha, nan Riyad, kullum. Ni kuwa ina ɗaki da littattafaina. Gaskiya, Anti, na daɗe ina kwatanta shi da jaruman da nake karantawa, sai in ga bai kai ba. Mutum ne shiru-shiru, ko turaren kirki bai iya zaɓa ba.

Ran nan ya ce in raka shi filin tsere da ke bayan gari, akwai ranar da ake barin masu baburan titi su shiga. Na bi matar abokinsa a mota. Da muka isa sai ya kwance madubai biyun, ya manne fitilu da salatif don kada gilashi ya watse in an faɗi, ya rage iskar taya. Ya miƙo mini madubai ɗin ya ce in riƙe, a nan ba a waiwaye, na baya ne ke da nauyin kula da na gaba. Na sa su a jaka kusa da littafin da na zo da shi, wanda har muka tashi ban buɗe ba.

Anti, da kin ga yadda ya kwantar da babur a kwana! Ba shi ne kan gaba ba, rukunin sababbin shiga ma yake, amma ni shi kaɗai nake gani. Da ya cire hular kwano, yana haƙi yana dariya, na rantse ban taɓa ganin fuskar nan ba tun aurenmu. Wani Balarabe ya buga kafaɗarsa yana ta mashaallah. Kaina har ya yi girma.

To, a-kori-kurar abokinsa ce ta dawo da babur ɗin, da salatif ɗinsa, ba madubi. Yayana Isiyaku, direba ne a unguwar Nasiriya, ya zo cin abinci, ya gan shi a ƙofa ya ɗauka haɗari aka yi. Ya shigo yana salati. Da ya ji gaskiya sai tsoron ya koma faɗa. Ya ce shi ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ga abin da titi ke yi wa masu dabbab, wato babur, kuma ko in hana Bashari ko ya daina taka gidanmu. Bashari ya ce kalma ɗaya zan faɗa ya bari, halas, shi ke nan. Na san da gaske yake.

Yaya kaɗai gare ni a Riyad, ba na son rasa shi. Amma ba zan faɗi kalmar nan ba. Juma'a mai zuwa zan bi shi, ni zan riƙe madubin.

Ƙanwarki a Ulaisha

Ƙanwata,

Kin riga kin yanke, ba zan ɓata lokaci wajen juya ki ba. Na ji daɗi ma da kika ɗaga kai daga littafi kika tarar da jarumin a gidanki. Sai dai shi wannan ƙashi gare shi, ba marubuci ke tsare shi ba.

Yayanki bai yi laifi ba. Mutumin da ya shigo yana salati ƙaunarku ce ta kawo shi. Yana da gaskiya cewa ana faɗuwa. Ke ma kina da taki: fili mai tuta da motar asibiti, ba mota mai fitowa ta gefe, ya fi gudun banza a titi.

Ga abin yi. Bashari ya je wurin Yaya da ƙafarsa, bai kamata ya bar miki wannan nauyi ba. Ya gayyace shi ya gani da idonsa. Direba ne, in ya ga tsari zai gane shi. In ya ƙi zuwa, kada ki yi zuciya, ki ci gaba da gaishe shi da aika masa abincin Juma'a.

Sannan Bashari ya zauna a rukuninsa har masu koyarwa su ce ya isa, komai yabon da kike masa. Rigar fata da hular kwano su zama na ƙwarai. Ya tambaya ko inshorarsa ta shafi filin tsere, domin babur ɗin nan shi ke kai shi aiki ran Lahadi, ranar da ake komawa aiki a Riyad. Kafin ya hau titi, ki tabbata ya cire salatif, ya ƙara iska, kin mayar masa da madubinsa.

Allah ya tsare miki shi, ya sanyaya zuciyar Yaya.

Anti Safiyatu