Toka a Ƙasa, Ƙasusuwa a Sama

Litinin, 3 ga Maris

Babbar 'yata ta iso da hantsi. Na ɗauka akwatin nan mai nauyi kayan dubiya ne. Da ta buɗe, duwatsu. Duwatsu a cikin leda, kowanne da lambarsa, an naɗe su da tsumma kamar ƙwai. Ubanta na kwance ɓarin jiki a shanye, ita ta zo min da duwatsu. Ta ce hutun jinya aka ba ta, amma akwai rubutun da dole ta gama. Na nuna mata inda ake ajiye tawul da robar wanka.

Babansu ya gane ta. Bakinsa ya motsa, na san "'Yar Duwatsu" yake son cewa, sunan da yake tsokanarta da shi tun tana cika aljihun kayan makaranta da tsakuwa. Bai fito ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ta tambaye ni ƙaninta Auta. Na gaya mata yadda aka yi tun daga farko, don kada ta ji a bakin wani. Wata Juma'a a watan jiya ya zauna a gaban ubansa ya ce ya ajiye aikin kotu, shagon walda zai buɗe. Aikin da uban ya tsinke takalmi wajen nema masa. Ranar Lahadi uban ya faɗi a bakin banɗaki. A harabar asibiti na ce wa Auta shi ya kayar da ubansa, kuma kada ya ƙara taka min gida. Har gobe ina kan bakana. Yaro ba zai ɗora wa iyayensa baƙin ciki ba sannan ya zo yana share hawaye a gefen gado, mutane su ce ga ɗan kirki.

Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, Mama, awon jinin Baba kafin ranar fa, nawa yake kaiwa? Na ce ni ke ba shi maganin hawan jininsa da hannuna kowace safiya, ban taɓa fashi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta yana zuwa da la'asar ya tsaya jikin falwayar da ke tsallaken titi. Na gan shi ta labule. Ya rame. Ruwansa.

Asabar, 8 ga Maris

Ta mamaye teburin cin abinci da takardu da kwamfuta. Ina gyaran wake a ɗaya gefen na ce ta faɗa min, tsakani da Allah, mene ne amfanin wannan aiki da ya hana ta zama kusa da gida.

Ga abin da na fahimta. Wai akwai lokacin da kusan duk abin da ke rayuwa a teku ya mutu, tara cikin goma, na tudu ma ba su tsira ba. Shekara miliyan ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. Na ce wa ya ƙirga? Ta yi dariya, ta ɗauko wata 'yar kwalba kamar ta turare. A ciki wasu ƙwayoyi ne da ba su kai yashi ba, sai da ta ɗaga ta wajen taga na ga ƙyallinsu. Daga tokar dutse mai aman wuta ake tace su. Kowace ƙwaya tana kulle da wani sinadari da ke rikiɗa ya zama dalma a hankali, ba ya sauri ba ya jinkiri, ko ana sanyi ko ana zafi. In aka auna dalmar da ta taru, an san ranar da tokar ta sauka. To in ga toka a ƙasa, ga ƙasusuwa a samanta, ga wata tokar a bisa, an kama mutuwar a tsakiya ke nan.

Na ce to me suka aikata aka halaka su haka? Ta ce, Mama, kifaye ne fa da dodon koɗi, ko mutum ɗaya babu a duniya. Na ce babu halakar da ke zuwa haka kawai. Ta ce ita ma dalilin take nema, amma a wajen aikinsu ba a yarda mutum ya ce wannan ne ya kashe wancan sai ya fara nuna wanne ya riga wanne. Wani babban malaminsu ya taɓa ɗora laifi a kan wani aman wuta, da aka sake awo aka ga tokar a saman gawawwakin take. Ta zo bayan an gama mutuwa.

Na ce ta ɗauke min kwalbar daga kusa da wake.

Lahadi, 9 ga Maris

An jingina wasu ƙarafa biyu a bakin ƙofa. Abin dafawa ne na gefen gado, da wani na banɗaki, an goge su sumul an shafa farin fenti. Ba sai an gaya min daga ina ba. Na ce a bar su a waje. Mai gasa wa Babansu jiki ya gani da zai shigo, ya ce, Hajiya, wannan aikin ya fi na asibitinmu, ko ki sayar min? Na ce ya yi abin da ya kawo shi.

Talata, 11 ga Maris

Likita ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma na biyun ba ya sallama. A gaban Babansu ya faɗa, a hankali, kamar ba ya ji. Yana ji. Duk babur ɗin da ya wuce sai idonsa ya tafi ƙofa.

Babbar ta ce min ranar Juma'a ta sama za ta koma, an ba ta layi a na'urar awon, in ta rasa shi sai baɗi. Ta ce wa zai riƙa ɗaga Baba? Na ce Allah. Ta ce, Allah Ya ba ki ɗa mai ƙarfi a tsallaken titi. Na ce kada ta kuskura ta yi min wa'azi a ɗakina, ni na koya mata alwala.

'Ya'yan yanzu. Karatu ya buɗe musu baki bai buɗe musu ido ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ciwon baya. Ni da ita muka juya Babansu, muka kusa sakin sa. Ban faɗa mata bayana ya riƙe ba.

Da rana ina ninke wanki tana karanta wa ubanta rubutunta, wai ya gyara mata kamar dā. Na ji wani wuri. Ashe ba rana ɗaya dutsen ya fashe aka mutu ba. Wutar ta daɗe tana fita, dubban ɗaruruwan shekaru, tana tsayawa tana dawowa, hayaƙin na taruwa a sama, ruwan teku na ɗumi yana tsami kaɗan-kaɗan. A sama teku lafiya lau, igiyar ruwa na zuwa tana komawa. A ƙasa abubuwa na shaƙewa. Ranar da aka fara mutuwa da yawa, an daɗe da fara mutuwar.

Na ce ta daina karanta wa mara lafiya labarin mutuwa. Babansu ya ɗaga hannun kirkin, wai a bar ta.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Za mu matsar da gado don keken guragu ya samu hanya. Na ɗaga tulun furannin roba da ke kan durowar gefensa, wanda nake kaɗe wa ƙura kullum ban taɓa ɗagawa ba. Na ji nauyi, na ji abu na kacau-kacau. Na zare furannin. Ƙwayoyin magani ne, har kusa da wuya.

Na kai hannu zan juye a faranti, ta riƙe min wuyan hannu. Ta ce, "Kar ki juye, Mama. In kika juye kin ɓata shi." Ta ɗauko cokalin shayi, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta riƙa kwasowa daga sama tana jerawa layi-layi, yadda na ga tana yi da duwatsunta. Ina tsaye. Na sama rawaya ne, irin wanda nake ba shi yanzu. Rawaya, rawaya, har cokali ya nutse rabin tulu. Sannan farare suka fara fitowa. Fararen nan na san su. Likita ya canza su tun damina biyu da suka wuce, shekarar da rufin kicin ya yi yoyo. Na can ƙasa sun narke sun manne da gindin tulun, sai da ta kankare.

Ina miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa, in juya in tafi duba shayi. Kullum. Yana ce min maganin na sa shi jiri, na ce ya sha haka nan, lafiya ba a wasa da ita, ya ce to. Ashe to ɗin ke nan.

Na juya na kalle shi. Ya rufe ido, mutumin da ba barci yake ba. Dattijo da furfurarsa, yana ɓoye magani a tulu kamar ɗan firamare. Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa.

Na ce mata wannan bai wanke Auta ba, maganarsa ce ta ƙarasa shi. Ta ce mai yiwuwa. Ta ce su ma a wajen aikinsu ana ta jayayya a kan abin da ya yi bugun ƙarshe, ita ba za ta rantse ba. "Abin da na sani kawai, fararen nan sun riga maganar Auta."

Ta tattara ƙyallen ta ƙulle. Ban ce ta zubar ba.

Asabar, 15 ga Maris

Ban dafa komai ba. Ita ta yi girki, gishiri ya yi yawa.

Litinin, 17 ga Maris

Na tsaya a kan Babansu har ya haɗiye maganin, na ce ya buɗe baki in gani. Ya buɗe. Wani ɓarin bakin ya karkace, ban san ko dariya ce ba. Na ce ba abin dariya ba ne, wanda ya ci amanar jikinsa ya ci amanar iyalinsa. Ya kama gefen mayafina da hannun kirkin ya riƙe. Na daɗe a zaune, shayi ya ƙone.

Duk da haka yaro ba ya ajiye aiki bai yi shawara ba. Wannan daban, wancan daban. Ina ta maimaita wa kaina.

Na tuna tun kafin watan jiya kofi na suɓuce masa. Na ce tsufa ne. Ko a makon da — a bar shi.

Laraba, 19 ga Maris

An yi yayyafi. Ƙarafan nan na waje za su yi tsatsa, kuma ɓarna ba kyau. Na sa an shigo da su zaure.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai gasa jiki ya gwada ɗaura na gefen gadon ya kasa, ya ce sai wanda ya auna shi. Na ce wa babbar ta leƙa titi, in akwai mai walda a kusa ta kira shi, aiki ne. Ta kalle ni. Na ce me take kallo.

Auta ya shigo da jakar kayan aikinsa, ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa a taƙaice. Hannuwansa duk tabon wuta. Bai kalli gadon ba, ya sunkuya yana ɗaure ƙusa, yana yi a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Da ya zo ta wajen kai, uban ya kama masa wuyan hannu. Da hannu ɗaya ya ƙarasa ɗaurin.

Na fita duba tukunya. Ba abin da ke kan wuta.

Juma'a, 21 ga Maris

Ta tafi da safe da duwatsunta. 'Yar kwalbar nan ta bar min a kan taga, wai saura ne, an gama auna su. Ban ga abin da zan yi da ita ba. Na goge ta na mayar.

Na banɗakin bai ɗauru jiya ba, bango na son huji, don haka ya dawo yau. Shi ya ɗaga uban zuwa keke, shi ya riƙe kofi ina ba da magani, muka tsaya mu biyu har ya haɗiye. Da azahar na ga shinkafar ta yi yawa, hannuna ya saba da awon mutum uku. Ya ce gobe zai zo ya duba ko fentin ya bushe. Fentin a bushe ya zo da shi.

Na ce ya zo da wuri, ƙarfe bakwai ake shan magani.