Kwamfutar da Na Zaɓa Tana Teburin Waleed

Zuwa ga:
Mai girma Mudir (Shugaba), Ustaz Awad Abduljalil,
Ƙungiyar Manoman Riɗi da Dawa, Gadarif.

Daga:
Usumanu Mato, Sashen Taswirar Gonaki.

Ranar 3 ga Nuwamba, 2025.

Game da: Karkatar da sabuwar kwamfutar sashena zuwa wani ofis.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zana iyakokin gonakin yankunan Simsim da Fashaga a kan kwamfuta guda. Idan na buɗe taswira, sai in tafi in yi alwala in dawo ba ta gama fitowa ba. Manoma na zaune a benci suna kallona, ni ina kallon allo.

2. Ranar 8 ga Satumba ka umarce ni in rubuta irin na'urar da aikin ke bukata. Na rubuta ƙwaƙwalwa mai giga talatin da biyu, da ma'ajiya irin ta SSD don taswira ta buɗe nan take, da allo biyu masu inci ashirin da bakwai, ɗaya na taswira, ɗaya na sunayen masu gonaki. Sau uku na shiga kasuwa da ƙafata. Na sa mai shago ya fito da allon bakin ƙofa, na zaɓi wanda ba ya ƙyalli, domin tagar ofishina gabas take kallo, idona kuma ya fara rauni.

3. Ranar 6 ga Oktoba kayan suka iso. Ni na sa hannu, ni na yanke kwalin. Kafin azahar aka ce in kai su ofishin Malam Waleed Sami, wanda aka ɗauka aiki watanni huɗu da suka wuce. Da hannuna na haɗa masa wayoyin, har na daidaita tsayin allon da idonsa.

4. Ba ni da komai a raina game da Malam Waleed. Na san yaƙi ne ya raba shi da gidansa a Khartum, kuma yana gaishe ni da ladabi. Sai dai aikinsa buga wasiƙu ne. Ofishinsa ba taga. Allo na biyun ma hoton kogi ne kawai a kansa tun safe har tashi, na sani domin ta ƙofarsa nake wucewa. Baƙi kuwa yanzu wurinsa ake fara kai su, su tsaya suna cewa ma sha Allah.

5. Ranar 27 ga Oktoba, ana tsakiyar yankan riɗi, manoma biyu daga Simsim suka zo kan rikicin iyaka. Tsohuwar na'urata ta daskare sau huɗu. Suka tafi ba takardar iyaka, leburorinsu na zaune, riɗin yana zubewa a ƙasa. Ɗaya daga cikin manoman ya ce a gabana tsufa ne ya kama ni.

Don haka ina roƙon mai girma Mudir ya sa a mayar da kwamfutar zuwa sashen da aka saye ta dominsa. In hakan bai yiwu ba, a ba ni allo ɗaya. In shi ma bai yiwu ba, ina roƙo da girman Allah a daina kirana in gyara ta duk sanda ta yi wa Malam Waleed gardama. Na je sau biyar, ba zan iya na shida ba.

Allah ya ƙara wa Mudir lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Usumanu Mato