Ganyen da Ka Gyara Mini

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan ka isa lafiya, ka kuma sami iyali cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara maka kariya da buɗi. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma fita shago da kansa. Inna kuwa tun da ka tafi take sa ni duba mata waya ko ka kira. Na gama gaisuwa, Yaya, yanzu ka gyara zama, domin raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Ka san wata biyu na yi ina shirin gwajin kamfanin nan mai yin zane mai motsi, inda mutum ɗaya tak za su ɗauka. Daƙiƙa goma kacal suka nema: ganye ya faɗo daga bishiya yana juyawa, yana ƙara girma yayin da yake matso mai kallo. 'Yan ɗigon nan da ka gani a ƙasan allon kwamfutata, su muke kira kifirem. Kowanne yana gaya wa manhajar girman ganyen da yadda ya karkata a daidai wannan lokacin, ita kuma ta cike tsakani. Da gangan na cunkushe wasu wuri ɗaya, na bar wasu da tazara, don ganyen ya yi kamar zai tsaya, sannan iska ta fizge shi. Kwana tara na yi a kan tazarar nan kaɗai.

Ranar da za ka tafi ka ari kwamfutar, ka ce tikitinka za ka duba. Ashe da ka ga 'yan ɗigon ba su daidaita ba, sai sana'arka ta jera tayil a daɓen ɗaki ta motsa. Ka ja su ɗaya bayan ɗaya, ka jera su daidai wa daida kamar kana shimfiɗa falon wani, ka adana, ka rufe, ko uffan ba ka ce mini ba. Nawa laifin ba zan ɓoye ba: ban sake kallo ba na tura.

Ranar gwajin, a gaban mutum huɗu aka kunna aikin a babban allo. Ganyen ya sauko ƙiƙam, yana juyi bai ɗaya kamar fankar sama. Shugabar sashen ta sa aka maimaita, sannan ta ce zanena yana da kyau amma ba ni da idon motsi, su kuma ba su da lokacin koyar da wannan. Na buɗe baki zan ce ba haka na bar shi ba, sai na tuna yadda irin wannan magana take fita daga bakin mai neman aiki. Na yi godiya na fito. Ina cikin mota ina ta tunanin ko kaina ne ya taɓu, sai ga saƙonka, wai ka ɗan gyara mini aikina, ba sai na gode ba.

Tun muna yara haka kake, Yaya. In ka ga abina a karkace sai ka miƙe shi, ba ka taɓa tambayar ko ni na so shi haka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ka gaya wa Baba wai ka taimaka mini, shi kuma ya bi maƙwabtan shago yana yabon 'ya'yansa masu haɗin kai. Har yau bai san an ɗauki wata ba. Kullum kafin ya fita sai ya leƙo ɗakina ya tambaya ko sun kira. Ni ba zan gaya masa ba. Kai za ka kira shi, ka faɗa masa da bakinka, har da abin da ka taɓa.

Ka gaishe mini da Antina da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Inna da Auta suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
wadda har yanzu take zaune a gida.